Kana son rubuta manhajar kyamarar kwamfuta a Damagaram? Ga inda aikin yake

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce kana da shago a Zango inda kake ɗaukar hoton takardu, malamai kuma suna zuwa ka naɗa musu karatu da kyamarar da ake maƙalawa a kwamfutar tebur. Manhajojin da ka gwada wasu na kuɗi ne, wasu sun fi ƙarfin tsohuwar kwamfutarka, don haka kake son rubuta taka, ka bar tushenta a buɗe kowa ya gani ya gyara. Ka tambayi yaren da za ka yi aiki da shi, ko sai ka rubuta wa kyamarar direba, wato manhajar da ke haɗa na'ura da tsarin kwamfuta, da lasisin da ya dace.

Bari in fara da direba, don shi ne ke tsorata mutane a banza. Ba za ka rubuta shi ba. Tun 2003 aka fitar da ƙa'idar da ake kira UVC, wadda ta tsara yadda kyamarar USB ke magana da kwamfuta, kuma kusan duk kyamarar da za ka saya a kasuwa yau da ita take aiki. A Linux, direban uvcvideo da Laurent Pinchart ya rubuta ya shiga zuciyar tsarin a 2008, a fitowa ta 2.6.26. Windows da macOS ma da nasu suke zuwa. Aikinka yana sama da wannan hawa. A Linux ƙofar da za ka bi ita ce V4L2, a Windows akwai tsohuwar DirectShow da Media Foundation da ta biyo ta, a Mac kuwa AVFoundation.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, zauna ka yi wa kyamararka tambayoyi. Sa Linux a kwamfuta ɗaya, ko da Windows ce za ta zama gidan manhajar a ƙarshe, domin a nan ne kyamara ba ta ɓoye komai. Girka v4l-utils, ka buga v4l2-ctl --list-devices, sannan v4l2-ctl --list-formats-ext. Za ka ga kyamara guda ta fito da ƙofa biyu, /dev/video0 da /dev/video1. Ta biyun ba hoto take bayarwa ba, bayanan gefe ne kawai, haka abin yake tun Linux 4.16, kuma manhajar da ba ta tantance ba sai ta nuna wa mai amfani kyamarar da ba ta buɗuwa. Lambobin nan ma suna canzawa in an cire an mayar, saboda haka ka riƙe sunan da ke cikin /dev/v4l/by-id/.

Umarni na biyun ne zai nuna maka abin da nake so ka fahimta fiye da komai. Za ka ga siffofi biyu, YUYV da MJPG, kowanne da girman hoto da yawan hotunan da yake iya bayarwa a daƙiƙa. YUYV ɗanyen hoto ne, kowane ɗigo bayit biyu. Yi lissafin da kanka: 640 sau 480 sau 2 ya ba ka bayit 614,400 a hoto ɗaya, sau 30 a daƙiƙa ya kama wajen megabayit 18. Idan ka hau 1280 sau 720, ya zama wajen megabayit 55 a daƙiƙa. A 1920 sau 1080 ya wuce 124. To, USB 2.0 an ce yana da megabit 480 a daƙiƙa, amma hanyar da kyamara ke bi a cikinsa ba ta ɗaukar abin da ya wuce wajen megabayit 24. Shi ya sa kyamarar da aka rubuta 1080p a kwalinta take ba ka hoto 5 kacal a daƙiƙa in ka nemi YUYV, mutum yana motsi kamar ana tsinka shi. Masu shago da yawa sukan ce kyamarar jabu ce. Lafiyarta ƙalau, manhajar ce ta nemi abin da wayar ba za ta iya ɗauka ba. Da ta nemi MJPG, inda kyamarar ke matse kowane hoto ya zama JPEG kafin ta turo, da ta samu 30 ɗinta cif.

MJPG ɗin ma da nasa kuɗin. Kwamfuta ce za ta warware kowane hoto kafin a nuna shi, kuma wasu kyamarori suna turo JPEG ɗin babu teburin Huffman a ciki, wato jadawalin da ake bi a warware shi, sai mai warwarewa ya cike da kansa. Kuma ranar da ka haɗa kyamara biyu a bakin USB masu tushe ɗaya, ɗaya tana kallon malam ɗaya tana kallon littafi, za ka iya cin karo da saƙon da ke cewa babu sauran wuri a na'ura. Kada ka je kana share fayil. Faɗin hanyar USB ne ya ƙare, ta farko ta kame shi. Rage girman hoton ɗaya, ko ka koma MJPG, ko ka canza baki.

Ina ba ka shawara ka rubuta ƙaramar manhaja da C sau ɗaya, wadda ke magana da V4L2 kai tsaye, don ka ga cikin abin da idonka. Takardun Linux suna ɗauke da misalinta. Ka buɗe ƙofar, ka tambayi abin da take iyawa da VIDIOC_QUERYCAP, ka zaɓi siffa da VIDIOC_S_FMT, ka nemi ma'ajiyai huɗu da VIDIOC_REQBUFS, ka jawo su cikin manhajarka da mmap, ka jera su, ka ce a fara da VIDIOC_STREAMON. Daga nan kewayawa ce kawai: ka karɓi wadda ta cika da DQBUF, ka yi aikinka, ka mayar da ita da QBUF. In ka jinkirta mayarwa, kyamara ba ta da inda za ta zuba sabon hoto, sai ya faɗi. Abu ɗaya da za ka kiyaye: bayan S_FMT, direba yana da ikon canza abin da ka nema zuwa mafi kusa da abin da yake iyawa, ba tare da ya yi ƙorafi ba. Karanta abin da ya dawo da shi, har da tsawon kowane layi a bayit. Wanda ya ƙi karantawa shi ne ke ganin hoto a karkace ko ya yi kore.

Bayan ka koyi wannan, ajiye shi. Manhajar da za ka ba mutane ka gina ta a kan GStreamer ko FFmpeg, kayan aikin sarrafa bidiyo da sauti da aka riga aka rubuta. FFmpeg, wanda Fabrice Bellard ya fara a 2000, ba shi da na biyu wajen matse bidiyo da canza siffarsa. Amma ga manhaja mai taga, wadda ke nuna hoto tana kuma naɗawa a lokaci guda, ni GStreamer na fi so, domin an gina shi ne a kan haɗa gutsattsari: v4l2src ya kawo hoto, tee ya raba shi biyu, reshe ɗaya ya tafi allo, ɗaya ya tafi wajen matsewa da rubutawa. Agogo ɗaya ne ke tafiyar da su duka, kuma za ka ga amfanin wannan nan gaba kaɗan. Da gst-launch-1.0 kana iya gwada dukan jerin a layin umarni tun ba ka zana maɓalli ko ɗaya ba.

Batun yare bai kai yadda kake ɗaukarsa ba. In Python ka iya, yi da shi, tunda nauyin aikin yana cikin GStreamer ne, wanda da C aka rubuta shi. In ka iya C++ ka haɗa da Qt, kayan zana taga da maɓallai, za ka fi samun sauƙin kai manhajar Windows. Abin da zan hana ka shi ne gina mai naɗar bidiyo a kan OpenCV, duk da cewa shi ne darussan intanet suka fi nunawa, layi goma hoto ya fito. OpenCV na nazarin hoto ne, kuma zai yi maka amfani wajen gano fuska a yanke hoton takarda daidai. Mai rubuta bidiyonsa ba ya haɗawa da sauti, kuma yawan hotuna ɗaya tak yake karɓa daga farko. Ka ce masa 30, kyamara ta ba da 15, sai karatun awa ɗaya ya koma rabin awa, malam yana ta sauri.

Yanzu ga abin da ya sa na ga manhajarka tana da dalilin zuwa duniya. Waɗanda suka rubuta yawancin manhajojin nan suna zaune ne inda wuta ba ta cika tafiya ba. Mu kuwa mun san yadda ake ciki, musamman watannin zafi. Fayil ɗin MP4 na yau da kullum yana rubuta jadawalinsa, abin da ake kira moov, sai a ƙarshen naɗi. Jadawalin nan ne ke faɗin inda kowane hoto da kowane gutsuren sauti yake. Idan wuta ta ɗauke ana minti na 50 na tafsiri, bayanan suna nan kwance a faifai, amma babu mai iya buɗe su cikin sauƙi. Kamar buhunan gero ne cike da rumbu an ɓatar da makulli. Malamin da ya taso daga Birni ya zauna ya yi karatun nan ba zai sake maimaita shi yadda ya yi ba, kuma kai ne za ka kalli idonsa ka faɗa masa.

Maganin yana hannu. Ka naɗa a MKV, wanda ake rubutawa gutsure-gutsure, in aka katse shi abin da ya riga ya sauka yana buɗuwa. Ko ka yi amfani da MP4 mai gutsattsari, wanda a FFmpeg ake samu da -movflags frag_keyframe+empty_moov. GStreamer kuma yana da splitmuxsink da ke rufe fayil ya buɗe sabo duk bayan mintocin da ka ƙayyade. In an gama lafiya, sai manhajar ta juya shi zuwa MP4 don a tura ta WhatsApp, ba tare da sake matsewa ba: ffmpeg -i karatu.mkv -c copy karatu.mp4, aikin ƴan daƙiƙu. Kada ka sa wannan ya zama zaɓin da mai amfani zai je ya tono a saituna. Ya zama haka manhajar take tun fitowarta. Kuma in aka kunna ta bayan wuta ta dawo, ta duba da kanta ta ce ga naɗin da bai kammala ba, a gyara shi? Haka nan in yaro ya taka waya kyamara ta cire, ko faifai ya kusa cika: ta rufe fayil da kyau, ta faɗi abin da ya faru da Hausa ko Faransanci, kada ta mutu shiru.

Sai daidaita baki da murya. Kyamara da makirufo kowanne da agogonsa, kuma ba sa tafiya daidai. Bambancin kashi ɗaya cikin dubu ba ya jiyuwa a minti biyu, amma a awa ɗaya ya zama daƙiƙa 3.6. Ƙari a kan haka, kyamarori da yawa suna rage yawan hotuna da kansu in ɗaki ya yi duhu, don su bar haske ya daɗe yana shiga. Naɗin da aka fara da la'asar da hoto 30 yana iya komawa 15 kafin magariba. Saitin da ke janyo haka a Linux a da sunansa exposure_auto_priority, yanzu exposure_dynamic_framerate, kuma ana iya kashe shi. Dokar ita ce kada ka taɓa ƙirga hotuna ka ce ka san lokaci. Kowane hoto yana zuwa da hatimin lokacin da aka ɗauke shi, da shi za ka yi aiki, kuma gutsuren videorate na GStreamer zai cike gurbi in kana son adadi tsayayye. Gwajin ba shi da wuya: tafa hannu a gaban kyamara a farko, bar ta tana naɗi awa guda, sake tafawa, ka duba ko sautin ya faɗi tare da haɗuwar tafukan.

Akwai saiti guda da nake so ka sa a gaba-gaba. Wutar Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma kyamarori da yawa a 60 suke fitowa daga masana'anta. Ƙarƙashin dogon ƙwan lantarki sai ka ga layuka masu duhu suna gangarowa a hoton. v4l2-ctl -c power_line_frequency=1 ya mayar da ita 50, layukan su ɓace. Manhajarka ta yi wannan da kanta. In ana kan ƙaramin injin wuta wanda bugunsa ke hawa da sauka, abin ba zai gyaru sarai ba, a nan gara hasken rana ko fitila mai batir.

Hasken fuska ma haka. Kyamara tana auna hasken hoton ne gaba ɗaya. Mutum baƙi ya sa farar riga da farin rawani, ga ƙofar shago a buɗe bayansa rana tana dukan ƙasa, sai ta rage haske don kada farin ya ƙone, fuska ta nutse. Ga mai hoton takardu wannan asara ce kai tsaye, don hoton da ba a gane fuska ba za a karɓa ba. Ka ba mai amfani ikon kulle haske da launi da hannunsa, manhajar kuma ta tuna saitin kowace kyamara, tunda wasu suna mantawa da zarar an cire su. In ka ƙware, ka sa a auna haske daga fuska kawai. Wannan aiki ne da ba kowa zai yi mana ba.

Kwamfutocin da ke shagunanmu yawanci na hannu ne, ga ƙura a cikinsu, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Na'urar da ta ɗumama tana rage gudu don kare kanta, a daidai lokacin da x264, mai matse bidiyo zuwa siffar H.264, ke neman ƙarfi. Fara da saitin gudunsa na veryfast, ka bar ma'aunin ingancinsa, CRF, a 23, kuma 720p ta ishi karatu. Kwamfutocin Intel da yawa tun daga 2011 suna da Quick Sync, sashen da ke matse H.264 ba tare da wahalar da sauran ba, a Linux ta VA-API ake kai masa. In kwamfutar ta gaza duk da haka, reshen allo ne zai yi haƙuri ya zubar da hotuna, reshen naɗi kada ya rasa ko ɗaya. A GStreamer saitin leaky ne a kan queue na reshen allo. Akwai ma hanya mafi sauƙi ga na'ura mai rauni sosai: a zuba MJPG ɗin cikin MKV yadda ya zo, a matse shi daga baya da dare. Yana cin faifai, amma ba ya faɗuwa.

Ba ka tambayi wannan ba, amma zan faɗa, don ina ganin kasuwa da lada a ciki. Gidaje da yawa a Damagaram suna ajiye da kaset na bidiyo, na aure, na suna, na hawan salla a ƙofar fada, suna lalacewa a akwati. Ƴar na'urar da ake kira EasyCAP tana karɓar hoton na'urar kunna kaset ɗin bidiyo ta mayar da shi USB, sai dai sunan ɗaya ne, cikin kuwa iri-iri: akwai mai STK1160, akwai mai UTV007, kowanne da direbansa a Linux, lsusb ne zai gaya maka wanda ka samu. A nan sai ka zaɓi tsarin launi da kanka. Talabijin ɗin Nijar ta dā SECAM ce, ta Najeriya PAL, kuma kaset ɗin da ke hannun mutanenmu daga ɓangarorin biyu suka fito. In ka zaɓi wanda ba shi ba, hoto ya fito babu launi. Dukansu hoto 25 ne a daƙiƙa, layi 576, a saƙe rabi-rabi, sai an bi da yadif ko bwdif, masu warware saƙar, kafin ya yi kyau a waya.

Kada ka manta yawancin abokan sana'arka Windows suke amfani da ita. GStreamer yana da mfvideosrc, mai kawo hoton kyamara a Windows, tun fitowa ta 1.18 a 2020, don haka gutsuren farko kawai za ka canza. Ka ware wannan sashe a wuri ɗaya a rubutunka, domin ƙasan yana motsi: a 2016 wani babban sabuntawa na Windows 10 ya canza yadda hoton kyamara ke isa ga manhajoji, kyamarori masu yawa da ke dogara da MJPG da H.264 suka riƙa daskarewa sai da aka gyara. A Linux ma PipeWire da libcamera suna ta karɓar aikin da a da V4L2 kaɗai ke yi. Fayil ɗin girkawa kuma ya zo da komai a cikinsa, yadda za a kwafe shi daga shago zuwa shago ba sai an sayi intanet ba.

Lasisi. MIT yana barin kowa ya ɗauki aikinka, har ya rufe ya sayar. GPL yana cewa duk wanda ya gyara ya rarraba, dole ya saki tushen gyaran. GStreamer LGPL ne, wato ƙanen GPL mai sassauci, FFmpeg ma LGPL ne sai in an gina shi da sassan GPL, x264 kuwa GPL ne. Tunda da wuya ka guje wa x264, abin da za ka rarraba zai faɗa ƙarƙashin GPL ko ta yaya, saboda haka zaɓe shi tun farko ka huta. Bai hana ka karɓar kuɗin girkawa da koyarwa da gyara ba. Manhajojin naɗar bidiyo OBS Studio, guvcview da Webcamoid duk GPL ne, kuma ka karanta tushensu. guvcview zai koya maka mu'amala da saitunan kyamara, Webcamoid da aka gina da Qt zai nuna maka yadda ake ɗaukar tsarin kwamfuta fiye da ɗaya. In ka samu kyamarar kasuwarmu da ba ta aiki da su, ka aika musu rahoto mai cikakken bayani. Da haka ake sanin mutum a wannan fage.

Akwai amana a aikin nan da nake so ka rubuta ta a cikin manhajar kanta. Matan aure da ƴan mata za su zauna gaban kyamarar nan don hoton takarda. Manhajar kada ta aika komai waje, kada ta buɗe kyamara sai an danna, in tana naɗi alama ja ta fito ƙarara, kuma a samu maɓallin goge hotunan mutum bayan an buga masa. Tunda tushen a buɗe yake, duk mai shakka yana iya sa wanda ya iya ya duba masa.

Fitowar farko kada ta wuce taga ɗaya: zaɓen kyamara da makirufo, ɗaukar hoto, naɗi a MKV, da saitin haske. Rubutun maɓallai ka ware shi a fayilolin fassara tun ranar farko, da gettext ko Qt Linguist, ka kuma gwada sunan fayil mai ƙ da ɗ da ƴ a Windows. Ba sai kana da kyamara goma ba: videotestsrc yana ƙirƙirar hoton gwaji, direban vivid yana kwaikwayon na'urar ɗauka a Linux, v4l2loopback kuma yana ba ka kyamarar ƙarya da za ka zuba wa bidiyon da kake so. Gwajin ɗauke wuta ne kaɗai ba a kwaikwayo. Samu kwamfutar da babu aikin mutane a cikinta, fara naɗi, zare wayar daga bango, kunna, ka ga minti nawa suka tsira.

Turo mini abin da --list-formats-ext ya nuna a kyamararka da irin kwamfutar da kake da ita, sai mu tsara jerin GStreamer na farko a kansu.